Goro a Baki, Ƙoƙo a Hannu

A wata ƙasa mai tuddai akwai wani mutum da ya bar gonar inabin mahaifinsa tun yana saurayi, ya tafi birni neman abin kansa. Shekara talatin bai koma ba. Ya yi gida, ya yi iyali, amma duk lokacin da damina ta janye sai ƙanshin wurin matsewar inabi ya dawo masa, kewa ta kama shi har ya kasa cin tuwo. Ya ɗanɗana ruwan inabin birni iri-iri, ko ɗaya bai kama ƙafar na gidansu ba.

Mahaifin ya rasu ba su gana ba. Sai yayarsa, wadda ta riƙe gonar, ta aika masa cewa kafin tsohon ya cika, ya matse inabi cikin ɗan ƙaramin tulu da hannunsa, ya liƙe bakin da yumɓu, ya ce na ɗansa ne. Ta ce ya hanzarta, don tulun ƙasa yana tsotse abin da ke cikinsa.

Mutumin ya kama hanya, tafiyar kwana biyu. Don kada gyangyaɗi ya ɗauke shi, ya yi ta tauna goro, wani bayan wani, har bakinsa ya yi jawur.

Ya iske baƙi zaune a rumfa, sun zo ɗanɗana ruwan inabin bana. To, al'adar gidan ita ce, kafin a miƙa wa mutum ƙoƙo, sai ya kuskure baki da ruwan rijiya, ya ci ɗan gurasa marar gishiri, ya zauna shiru har harshensa ya huta. Shi ma ya san wannan sarai, a nan aka haife shi. Yayarsa ta rungume shi tana kuka, ta kawo masa ruwa da gurasa. Ya ture su gefe.

Ya ce, "Yaya, shekara talatin nake jira. Ni ba baƙo ba ne, ki kawo mini tulun kawai."

Ta roƙe shi ya ɗan dakata, ya ƙi. Ta fasa yumɓun, ta tsiyaye, ashe abin da ya rage bai wuce cikin ƙoƙo ɗaya ba. Ya karɓa, ya shanye. Ɗaci kawai ya ji, da bauri. Ya ɓata fuska ya ce ya lalace.

Yayar ta dangwali ɗigon da ya rage da yatsa, ta sa a harshenta. Hawaye suka zubo mata. Ta ce, "Bai lalace ba, ƙanena. Hannun Baba ne sak."

Sai ya kuskure baki, ya ci gurasar, ya zauna har yamma. Harshen ya huta, amma tulun babu kome. Ya yi ta shinshina bakin tulun.

Ga ma'anar misalin nan, 'yan'uwa, kuma kada wani ya je gida ya ce malamin Lahadi ya aike shi shan giya. Tulun nan Maganar Allah ce, wadda Ubanmu ya ajiye mana da sunanmu. Goron kuwa shi ne abin da muke taunawa duk mako: fushi da maƙwabci, gunaguni, tsegumin da muke yi har bakin ƙofar majami'a. Muna ƙishin Allah da gaske, ban musa ba. Amma mukan faɗo ciki a gurguje, ba addu'a, ba tuba, sa'an nan mu fita muna cewa wa'azin yau ba daɗi. Ni kaina na sha yin haka, abin yana ba ni kunya.

Alherin Ubangiji ba ya ƙarewa kamar tulun ƙasa, amma kwanakinmu suna tsotsewa. Ba wanda ya san Lahadi nawa suka rage masa. Wanda ke riƙe da ɗan'uwansa a zuciya, ya je ya same shi yau, kafin a miƙo masa ƙoƙon.