Ranar da Sha'aban Ya Yanka Kwaɗo

Akwai wani makaniki a Krofrom da ke Kumasi, sunansa Sha'aban. Taurin kai gare shi. In ya sa aiki a gaba, ko abinci sai an yi masa faɗa yake ci.

A bayan gidansu akwai tsohuwar motar mahaifinsa, Alhaji Zuberu, irin ta Jamus ɗin nan mai inji a baya, wadda ba a zuba mata ruwa, iska ce ke sanyaya injin. Rufinta na tamfol ne, ana naɗe shi baya. 'Yan unguwa Kwaɗo suke ce mata, kuma ta daɗe a yashe har kaji sun mai da ita gidan gado.

Tun da Alhaji ya faɗi ya karye a ƙugu, ƙafarsa ta dama ta sandare, ba ta lanƙwasuwa. Tasi ya gagare shi shiga, tiroto kuwa, wato ƙaramar bas ta haya, ba a magana. Ga yayarsa, Hajiya Mamuna, wadda ta goya shi yana jariri, tana kwance a saman bene a unguwar Alabar, tsufa ya hana ta saukowa. Shekaru ke nan ba su ga juna ba. Ko waya ba ta yi musu amfani, don kunnenta ya yi nauyi.

Sha'aban ya ce, "Baaba, Kwaɗo zai tashi. Ni zan kai ka wajen Hajiya."

Ya sauke injin ya wargaza shi. Ya zama ɗan gida a Magazin ta Suame, kasuwar makanikai da kayan mota, yana tonon tsofaffin ƙarafa. Ƙofar dama ta ruɓe, bai samu irinta ba sai a hannun wani dattijo a Tafo, bayan doguwar jeka-ka-dawo. Abokinsa Khalidu mai fenti ya fesa mata launin madara, aka ɗinka sabon tamfol.

Jama'a, mota ta fito! A nan kuma aka fara samun matsala. Matasa suka riƙa zuwa ɗaukar hoto, Sha'aban yana tsaye da tsumma, wanda duk ya jingina da ita sai ya sha harara. Yau ya ce saura fitila, gobe ya ce saura madubi.

Da ƙanwarsa Ajara ta matsa masa, aka ɗauko Alhaji a kan kujera. An cire kujerar gaba don ya zauna a baya ya miƙe ƙafa, amma ƙofar ta yi ƙunci. Suka naɗe rufin suka gwada ɗaga shi ta sama, tsoho ya yi wata ƙara da ta sa kowa ya tsaya cak.

Sha'aban ya san maganin abin. Sai an yanke gefen motar daga bayan ƙofa, an faɗaɗa mashiga.

Alhaji ya dubi fuskar ɗansa, ya share gumi, ya ce, "Bar shi, Sha'aban. Mota ya yi kyau. Kar ka ɓata."

Kun san abin kunya? Sha'aban ya ji sanyi a ransa. Ya ce zai nemi wata dabara, ya lulluɓe motar, kwanaki suka yi ta tafiya.

Wata safiya Ajara ta dawo daga Alabar, ta same shi yana goge gilashi.

"Yaya, Hajiya ya daina cin abinci koraa, ko loma ɗaya. Sunan Baaba kawai yake kira." Ta dubi motar, ta ce, "Wai wa ka gyara ma motan nan? Baaba, ko masu foto?"

Sha'aban ya ajiye tsumman. Ya shiga ɗaki ya fito da injin yankan ƙarfe.

Khalidu, da ya zo wucewa, ya riƙe masa hannu. "Chale, abokina, ka haukace? Irin wannan babu shi a Kumasi gaba ɗaya! In ka yanka, ba ya dawowa fa."

"Hajiya ma in ya tafi, ba ya dawowa. Sake ni."

Ya ɗora injin a kan fentin da ko ƙuda ba ya bari ya sauka a kai. Hawaye na zuba, hannu bai tsaya ba. Motar da ba ta da rufin ƙarfe, in aka yanke gefenta tana iya lanƙwashewa a tsakiya, don haka ya kwanta a ƙasa ya yi mata walda da ƙarfe mai kauri. Gefen da ya yanke ya mai da shi ƙofa ta biyu. Bai jira fenti ba.

Washegari Alhaji ya shiga ba tare da ya ce wayyo ba.

Suka kama hanya, gefen mota baƙi ƙirin da tabon walda. Wani direban tiroto ya leƙo ya ce, "Masta, wa ya cije maka mota?" Sha'aban ko kallonsa bai yi ba.

A Alabar ya tsaya daidai ƙarƙashin benen, ya naɗe rufin. Matan gidan suka tallabo Hajiya Mamuna zuwa baranda. Ta leƙo ƙasa, Alhaji ya ɗaga kai. Sun daɗe suna kallon juna.

Can ta ce, "Zuberu, kai ne ka yi furfura haka?"

Tsoho ya fashe da kuka kamar yaro, yana dariya a ciki. Hajiya ta juya wajen jikarta.

"Kawo min koko. Zan sha ina kallonsa."

Darasi: Duk abin da ka gyara saboda mutum, kada kyansa ya sa ka manta da mutumin. Ƙarfe zai jira ka, iyaye da 'yan'uwa ba lallai su jira ba. In akwai wanda kake ta ɗaga ziyararsa, ka je yau. Ku tura wa 'yan'uwa da abokai, wataƙila wani yana can yana goge tasa motar.