Kulocin Jar Mota da Hannun Auta

Akwai wani mutum da abokansa ke kira Mai Ja, saboda wata jar motar tsere da yake ji da ita kamar ransa. Kujera biyu gare ta, ga ta ƙasa-ƙasa kamar za ta lashi kwalta. Bai daɗe da sayenta ba ya kai aka ƙara wa injinta ƙarfi, don kada kowa ya sha gabansa a titi.

Ƙanwarsa, autar gidansu, bakanikiya ce. Shekara tara tana sauke giyabos tana mayarwa, har ta buɗe garejin kanta. Amma shi ko iskar taya bai taɓa barin ta duba masa ba.

Wata Asabar sun haɗu a falon mahaifinsu, sai ya shiga mita. In ya taka totur, inji ya yi ta ruri amma mota ba ta ja. Sau biyu ke nan yana canza kuloci cikin shekara guda.

Auta ta ce, "Yaya, wane iri kake sakawa?"

"Na kamfanin motar mana, da tambarinsa a kwali. Ni na yi miki kama da mai sayen kayan kasuwa?"

"Na kamfanin ba shi da laifi. Amma an yi shi ne daidai ƙarfin injin da motar ta zo da shi, kai kuma ka ƙara mata. Akwai masu ƙera kuloci na daban, mai kauri, don irin taka. Shi ya kamace ka."

Mai Ja ya kwashe da dariya. "Baba, ka ji 'yarka? Yarinyar da na goya ce za ta fi injiniyoyin da suka ƙera motar sani! Auta, ki tsaya a kan akwalar tasi-tasinki."

Ta yi murmushi kawai, ta ci gaba da yanke wa Baba farce. Shi kuwa washegari ya sa aka ɗaura na kamfani karo na uku.

Bayan wata biyu ya ɗauko Baba daga asibitin ido, da tsakar rana. Suna hawan wani tudu cikin cunkoso, sai ƙauri ya cika motar. Inji na kuka, mota na ja da baya. Da ƙyar ya take birki kafin ya daki motar da ke bayansa. Hon ta ko'ina. Ga tsoho da bandeji a ido ɗaya, gumi na tsiyaya daga gemunsa.

Mai Ja ya kira wurin da suka yi masa aikin, suka ce sai gobe. Baba ya laluba aljihu ya miƙa masa wayarsa.

"Kira min Auta."

Minti ashirin sai ga ta da motar janwe. Ba ta ko kalli motar ba sai da ta kama hannun Baba ta sa shi a inuwa, ta ba shi ruwa. Mai Ja ya tsaya yana jiran gori. Gorin bai zo ba.

A gareji ya zauna a kan tsohuwar taya yana kallo. Bai taɓa ganin ta tana aiki ba. Ƙarti uku na jiran umarninta, tana miƙa hannu ana sa mata sifana ba tare da ta waiwaya ba. Da giyabos ya sauka, ta ciro farantin kulocin ta ajiye a gabansa. Ya ƙone, ya yi sumul kamar madubi.

Ta jera kwali biyu a kan benci. "Ga na kamfani, ga wancan. Da ba ka taɓa injin ba, wallahi na kamfanin zan ce ka saka. Wannan kuma zai yi maka tauri a ƙafa, sai ka saba. Motarka ce, Yaya, ka zaɓa."

Ya daɗe yana kallon baƙin man da ke hannunta.

"Auta, ki yi haƙuri da maganar ran nan. Saka wanda kika ga ya dace."

"Ya wuce. Amma tashi ka riƙe min fitila, ba a zaman banza a garejina."

Babban mutum da farar riga ya durƙusa yana haska mata, ma'aikata na ƙunshe dariya.

Shekara ta zagayo kulocin bai ko yi tari ba. Ranar da masu motocin tsere suka taru, wani ya ga yadda jar motar ke tashi, ya tambaye shi wane kamfani ne ya yi masa aikin.

Mai Ja ya gyara tsayuwa, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Ƙanwata ce. Uwa ɗaya, uba ɗaya. In kuna so zan kai ku, amma ku sani sai kun bi layi, don ni ma da nake yayanta bi nake yi."

Darasi: Kada sunan da ke jikin kwali ya rufe maka ido, ka nemi abin da ya dace da buƙatarka. Kuma kada ka raina ilimin mutum don ka girme shi ko don a gabanka ya tashi. Ku tura wa duk wanda ke da gwani a gida amma yake tsallake shi.