Zangarniya Uku a Rumbun Cindo

"Ku matso kusa. Ga ta nan, ga ta nanku."

"Ta zo mu ji ta, Iya!"

Wani manomi ne, Cindo, wanda duk ƙauye wurinsa ake karɓar irin dawa. Ga girman kai, sai ka ce shi ya halicci dawar.

Ran nan yana zaga gona, sai ya ga zangarniya uku sun yi baƙi ƙirin. Burtuntuna, cutar dawa! Ya taɓa, sai baƙar ƙura ta cika masa hannu. Ƙurar nan 'yan ƙwayoyi ne masu rai. In sun manne wa iri, tare ake shuka su.

A ƙauyen, wanda ya ga burtuntuna yankewa yake ya ƙone a bakin gona, kowa ya ga hayaƙi ya duba tasa. Cindo ya ce, "Ni? Hayaƙi a gonata?" Sai ya cusa su cikin riga, ya jefa a rumbun irin da yake raba wa mutane. Nasa na shuka kuwa yana rataye a madafa.

Da ruwa ya sauka, sai wani manomi, Dogo, ya zo karɓar iri.

"Cindo, irin lafiya?"

"Lafiya lau."

Sai Audi ya zo.

"Irin lafiya?"

"Lafiya lau."

Sai Gwaggo Larai, wadda ta goye shi yana jariri, ga ta da jikoki marayu huɗu.

"Ɗana, irin lafiya?"

Ya kau da kai. "Lafiya lau, Gwaggo."

Da dawa ta fid da kai, gonaki uku suka yi baƙi. Dogo ya ce iska ce. Audi ya ce ruwa ne. Gwaggo Larai kuwa sai ta zo ƙofar Cindo, gaban jama'a, ta durƙusa.

"Ɗana, ka yafe mini. Ka ba ni iri mai kyau, hannuna ya ɓata shi. Kada a ce naka ne."

Wayyo kunya! Cindo ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

"Tashi, Gwaggo, don Allah tashi. Ni ne."

Ya fito da zangarniyar nan uku, ya cinna wa rumbun wuta. Hayaƙin da ya guda, har ƙauyuka uku aka gan shi. Ya kwashe dawarsa ya kai mata. Ta karɓa, amma ba ta ɗago ta dube shi ba.

Ƙurunƙus kan kusu, nan ta tsaya. Wanda ya ga baƙi a gonarsa, ya kunna wuta tun zangarniyar tana uku.