Cinyar Rago Ɗaya, Malamai Uku

Ku gyara zama, ga wata magana da har yau ba a raba gardamarta ba.

A Ƙaura Namoda an yi wani saurayi, Sallau, wanda ya shekara tara yana aiki a tashar jiragen ruwa ta Ikko. Da ya dawo gida, sati biyu kacal ya yi ƙafarsa ta fara ƙaiƙayi. Kullum jakarsa a ɗaure take a bayan ƙofa, mahaifiyarsa Inna Kande tana ta kallonta.

Wata rana da la'asar ya bi ta gindin darbejiyar tsohuwar tashar jirgin ƙasa, inda Baba Jatau, tsohon direban jirgi, yake buga ces, darar nan mai sarki da sarauniya da dawakai da ƙananan sojoji. Sallau ya san yadda kowane ɗa yake tafiya, don ya sha gani a Ikko, sai ya zauna. Kafin shayi ya huce an cinye shi sau uku.

"Ɗan Ikko," in ji Baba Jatau, "hannunka yana riga kanka isa ko'ina. Haka ka yi zaman can ma?"

Majalisa ta fashe da dariya. Zuciya ta ɗebi Sallau, ya ce, "Baba, in Babbar Sallah ta zo ban ci ka ko sau ɗaya ba, na koma inda na fito, ba kuma za a sake ganina ba." Saura wata uku a lokacin.

Dokar wurin ita ce, ɗan da ka taɓa shi za ka motsa, ko da kuwa halaka ce a ciki. Mati tela, abokin Sallau na ƙuruciya, ya lura nan ake kama shi. Sai ya sa shi ya riƙa zama a kan tafukan hannayensa, kada ya zaro su sai ya tambayi kansa me abokin wasa yake nema da motsin da ya yi. "Hannun nan naka," in ji Mati, "a ƙarƙashinka ya fi amfani."

Yayarsa Uwani kuwa malamar firamare ce, wasan ma ba ta iya shi sosai ba. Littafin rubutu ta ba shi, ta ce duk wasan da aka ci shi ya rubuto mata, motsi bayan motsi. Da suka taru ta bi su da jan biro, ta gano kusan kullum da wuri yake fito da sarauniya, Baba Jatau ya yi ta korar ta da dawakai yana shirya rundunarsa a hanya. Ta ce, "Ƙanena, ba ramuka arba'in ka faɗa ba. Rami ɗaya ne, sau arba'in."

Shi kuma Gambo wanzami, wani gwanin wasan a majalisar, kwashe 'ya'yan allon ya yi kaf, ya bar sarakuna biyu da soja ɗaya. Wata biyu yana koya masa yadda sarki zai raka sojan nan har ƙarshen allo ya zama sarauniya. Sallau ya yi ƙorafin gajiya, Gambo ya ce ya ƙara.

Ana cikin haka Sallau ya soma gyaran injinan ban-ruwa, garin ya fara yi masa daɗi, har jakar nan ta koma ƙarƙashin gado. Tafiya ta fita daga ransa. Amma ya riga ya furta a gaban mutane, kuma har lokacin bai ci ba.

Ranar jajibiri bayan la'asar suka zauna wasan ƙarshe. Sallau ya bar sarauniyarsa a gida ya fito da dawakai, Baba Jatau ya ɗaga gira. Da wasa ya yi nisa tsohon ya ajiye doki a fili kamar ya manta da shi. Hannun Sallau ya zabura, nauyin jikinsa ya danne shi. Ya duba, ya ga da ya ci dokin nan, motsi biyu ya rage a rufe sarkinsa. Ya bar shi. Aka yi ta musayar 'ya'ya har allo ya washe, ya rage sarakuna biyu da sojan Sallau guda. Taki ɗaya-ɗaya ya raka shi har ƙarshe. Baba Jatau ya kwantar da sarkinsa yana dariya, ya ce, "To, ɗan Ikko, ka iya zama."

Washegari aka yi layya. Inna Kande ta aika wa Baba Jatau cinyar rago ɗaya don a rage masa zafin kaye. Ɗayar ta miƙa wa Sallau, ta ce kada a yanka ta, ya kai ta ɗungurungum ga wanda ya riƙe mata ɗa.

Sallau ya tsaya a ƙofar gida da cinya a hannu. Ba don Uwani ba, da tun farkon wasa ya faɗi. Ba don Mati ba, da ya ci dokin nan. Ba don Gambo ba, da sojan ya mutu a hanya an tashi canjaras.

To, jama'a, ƙofar wa ya kamata ya nufa?