Biri da Allurar da Ba Ta Taɓa Faifai

An yi wani Biri a Kurmin Ɗorawa wanda tun da aka haife shi bai taɓa cewa "ban sani ba". Ko zancen da bai taɓa ji ba aka ɗauko, sai ya ƙwace shi daga bakin mai shi.

Ana tsakiyar damina Allah ya yi wa mahaifiyarsa rasuwa. Ba ta bar komai ba sai muryarta, tana rera waƙar da take lallashin 'ya'yanta da ita. An taɓa ɗaukar waƙar an ajiye a wata tsohuwar kwamfuta. Ana cikin zaman makoki kwamfutar ta daina kamawa.

Biri ya sunkuce ta ya kai wa Kunkuru, tsohon mai gyara, wanda ko gobara ake yi ba ya sauri. A saman ƙofar shagonsa kuwa akwai sheƙar Tsattsewa, wadda yawan surutu ya sa ba a cika sauraronta ba.

Kunkuru ya kwance kwamfutar, ya ciro wani ɗan akwatin ƙarfe, ya ce, "Kwantar da hankalinka, ɗana. Muryar Innarku tana cikin nan lafiya lau. Zan kwashe ta in zuba a sabo, amma a hankali ake yi."

Biri ya ce, "A hankali? Haba Baba! Gobe dangi za su watse, ni kuwa na faɗa musu sai sun ji muryarta kafin su tafi."

Kunkuru ya ce, "To, bari in je kasuwa in samo sabon. Kada ka buɗe wannan, ko ƙura ba ya so."

Kun dai san tafiyar Kunkuru. Har rana ta karkata bai dawo ba. Biri ya zauna ya tashi, ya tashi ya zauna, can ya jawo sukudireba ya ɓalle murfin akwatin, ya jona masa wuta.

Sai ga wani faifai mai ƙyalli kamar madubi yana juyi da gudu, ga wata siririyar allura a bisansa. Biri ya kasa kunne, bai ji waƙa ba.

Ya buga ƙirji ya ce, "Ashe wannan ne ciwon! Allurar ba ta zauna da kyau ba. Mu da muka tashi da garmaho? Sai allura ta taka faifai yake magana."

Tsattsewa ta sauko da sauri ta ce, "Yaya Biri, rufa mana asiri! Wannan ba garmaho ba ne. Kullum ina jin Baba yana faɗa, iskar da faifan yake kaɗawa ita ke ɗaga allurar. Shawagi take yi, yadda nake bin saman kogi ba na jiƙewa. A haka take karanta abin da ke ciki. Tsakaninsu bai kai silin gashi ba, amma ba sa haɗuwa."

Biri ya daka mata tsawa: "Ke rufe mana baki, sarkin surutu! Ta yaya za a karanta abin da ba a taɓa ba? Uwata ce ko taki?"

Ya sa ɗan yatsa ya danna allurar.

Ƙiiii! Wata ƙara mai tsinka zuciya ta cika shagon. Allurar ta karce faifan, ta zagaye shi da zane, wata baƙar ƙura ta tashi ta sauka a kan tebur.

Sai ga Kunkuru da sabon akwati a hannu. Ya ajiye shi, ya dubi faifan.

Biri ya ce, "Baba, ai za ka iya gogewa, ko? Ɗan karce ne kawai."

Kunkuru ya nuna tebur ya ce, "Ka ga ƙurar nan, ɗana? A jikinta aka rubuta waƙar. Ita ce muryar Innarku. Babu mai gyaran da zai mayar da ita."

Biri ya durƙusa yana tattara ƙurar da tafin hannu, hawaye na ɗiga a kanta, abin tausayi.

Da ya isa gida ya tarar dangi sun shimfiɗa tabarmi suna jira. Autarsu, wadda ba ta gama wayo ba, ta rugo ta riƙe masa hannu ta ce, "Yaya, ina Inna? Ka ce yau za ta yi mini waƙa."

Biri ya buɗe baki zai rera mata da kansa, sai ya tarar ko baiti ɗaya bai riƙe ba. Duk lokacin da Inna take waƙar, shi yana can yana ba wasu labari.

Darasin wannan labari shi ne, yara, ba kowane abu ne ake gyara shi da ƙarfin hannu ba, kuma sanin tsohon abu ba ya nufin an san sabo. Idan aka ce muku kada ku taɓa, ku tambayi dalili, ku saurara ko da wanda kuka raina ne yake faɗa. Akwai ɓarnar da kuka ba ya gyara ta.