Sawun Zabo a Kan Wuƙar Jatau

A zamanin da, an yi wani sarki mai son sanin asalin kowane abu. Wata rana wani baƙon maƙeri, Jatau, ya kawo masa gaisuwa da wuƙa mai zane a jikinta kamar igiyar ruwa. Sarki ya juya ta, ya ce, "Wa ya zana wannan?"

Jatau ya ce, "Allah ya ba ka nasara, ƙarfe biyu na ninka, fari da baƙi, na jiƙa wuƙar a ruwan tsamiya. Tsamin ya fi cin ɗaya, sai zanen ya fito."

Sarkin Maƙera Gagare ya ji kishi, ya ce, "Ranka ya daɗe, mai yiwuwa a hannun fatake ya saye ta. In aikinsa ne, ya buga mata alamarsa."

Sarki ya ce wa Jatau, "Na ba ka kwana bakwai. In ba alama, ko wuƙar ta lalace, ka bar garina."

Jatau ya koma gida, ya san sai ƙarfe na da zafi ake buga alama. Wuƙar da aka riga aka tsoma a ruwa ta yi tauri, ana sa mata kurfi, ƙarfen buga alama, za ta tsage. Kwana uku yana zaune yana kallonta.

A rana ta huɗu matarsa Tabawa ta kwance lalle. Jatau ya zuba wa ƙafarta ido. Ta ce, "Maigida, yau ka fara ganin ƙafata?"

Ya ce, "Me ya hana nan wurin yin ja?"

Ta ce, "Zare na ɗaura mana. Inda aka rufe, lalle ba ya kamawa. Shekara ashirin ina yi, sai yau ka zo ɗaukar karatu?"

Jatau ya miƙe. Ya narka kakin zuma ya lulluɓe wuƙar, ya sa ƙaya ya zana alamarsa, sawun zabo, kusa da ƙota, har ƙarfe ya bayyana. Ya riƙa ɗiga ruwan tsamiya da lemun tsami a wurin, safe da yamma. Kullum yana so ya ɓare ya gani, yana danne zuciyarsa.

Ran na bakwai ya ɓare kakin a gaban Sarki. Ga sawun zabo ya zauna raɗau cikin ƙarfe. Sarki ya sa farce ya ji zurfinsa, ya yi ta tambayar yadda aka yi.

Gagare ya ce, "Ai ba bugawa ya yi ba."

Waziri ya ce, "Gaskiyarka, Sarkin Maƙera. Nuna mana yadda ake yi." Ya zare wuƙar da ke ɗamarar Gagare, ya sa aka kawo uwar maƙera da kurfi da masaba.

Gagare ya ɗaga masaba, ya tsaya. Sarki ya ce, "Buga mana."

Gagare ya sunkuyar da kai, ya ce, "Za ta tsage, ranka ya daɗe."

Waziri ya ce, "Ashe ka sani tun ran nan."

Sarki ya tuɓe Gagare, ya ba Jatau rumfa a bakin kasuwa, ya aika wa Tabawa turmin zane. Ya kuma yi doka cewa kowane maƙeri ya sa alamarsa a kan aikinsa, ko da wuta ko da tsami.