Man Rake a Kwaɓin Amarya

An yi wani mutum a Tavua, nan Fiji, mai shagon man shafawa a bakin kasuwa. Ba zan kama sunansa ba, don yana raye, kuma da yawanku kun sha haɗa sahu da shi.

Da farko sana'arsa tsaf take. Yakan haɗa man kwakwa da wani sinadari mai tsami, irin wanda ake samu a jikin rake. Kaɗan yake zubawa, ya tsoma 'yar takardar gwaji ya duba launinta kafin ya ɗura a kwalba. Ya san fatar mutum tana da ɗan tsami nata da Allah ya sa mata don ya kare ta. Sinadarin nan in ya yi daidai, matacciyar fata kawai yake ɗagawa. In ya yi yawa sai ya nutsa ya ci mai rai, rana kuma ta zo ta ƙarasa ɓarnar.

To amma mata suna son fari, kuma da gaggawa suke so. Sai ya lura duk kwalbar da ta fi zafi ita ake komowa nema. "Wannan ne mai aiki, har cizo yake," in ji su. Shi ke nan, ya ƙara hannu. Ya sake ƙarawa. Takardar gwajin ma ya daina tsomawa, don ya san abin da za ta gaya masa.

Duk wadda ta tambayi abin da ke cikin man sai ya yi dariya ya ce, "Haba 'yar'uwa, kwakwa ce da rake. Ko jariri a shafa masa."

Wata rana matar wani mai saran rake ta zo da kunci a ƙone. Ko kunya bai ji ba, ya ce, "Ke da kike yini a gona, rana ce ta dafa ki. Ni meye nawa?" Ta ja gyalenta ta fita tana hawaye.

Ya 'yan uwa, mutumin nan jahili ne? A'a. Saninsa ne ma ya sa ya hana a kai man nan gidansa. Sai dai bai taɓa faɗin dalili ba, domin faɗin dalili tonon asirin kai ne.

Ana nan sai auren 'yarsa Nazneen ya zo, ita kaɗai Allah ya ba shi, kuma tana son mijin. Kun san al'adarmu. Ana gobe ɗaurin aure mata ke kwaɓa kurkum da mai su lulluɓe amarya da shi, ta zauna da abinta ba ta wankewa sai yamma.

Yayarsa Mehrun ce uwar biki. Da safe ta biya shago ba ya nan, ta ɗauki manyan kwalabe biyu ta juye a kwaɓin. A ganinta karramawa ce, a yi wa 'ya kwalliya da man ubanta.

Ba a jima ba Nazneen ta ce, "Gwaggo, fuskata zafi take yi."

"Zafin rabuwa da gida ne, 'yar nema! Zauna. Mu ma haka aka yi mana."

Mata suka kwashe da dariya, suka ci gaba da waƙa. Aka zaunar da ita a tsakar gida, cikin rana, don kwaɓin ya kama. Da kurkum bai rufe fatar da rawaya ba, da an ga jan da ta yi. Ita kuwa yarinya mai kunya, ta cije ta daure.

Da la'asar uban ya shigo ɗauke da buhun fulawa. Mehrun ta tare shi da fara'a ta ce, "Kai marowaci, ka ɓoye wa 'yarka man da kake sayar wa bare? To na zuba mata, har kwalba biyu."

Buhun ya suɓuce masa. Ya ruga yana ihu, "Ruwa! Ku kawo ruwa!"

Mehrun ta ce, "Wai me ya faru? Ba kai ka ce ko jariri a shafa masa ba?"

Da hannunsa ya wanke mata fuska, fatar tana biyo yatsunsa.

A asibiti likita ta tambayi abin da ke cikin man, don ta san yadda za ta yi magani. Nan ya faɗi gaskiya a gaban yayarsa da surukansa. Kafin mako ya zagayo hukuma ta rufe shagon, matan da ya ƙona a baya suka fito ɗaya bayan ɗaya.

Angon ɗan halak ne, bai fasa ba. Amma tabo ya zauna baƙi daga goshi har haɓa. Nazneen ba ta taɓa yi wa mahaifinta gori ba. Duk Juma'a takan zo gaishe shi da fuska a buɗe, ta ce, "Abba, ina wuni?" Shi kuwa ƙasa yake kallo ya amsa.

Ya 'yan uwa, wannan shi ne ha'inci. Abin da ka san ba za ka shafa wa naka ba, don me za ka sayar wa na wani? Matar mai saran raken nan ba 'yar wani ba ce? Ɓoye aibin kaya haramun ne, ko da mai saye da bakinsa ya ce abin da yake so ke nan.

Allah ya tsarkake mana nemanmu, kada ya jarrabi 'ya'yanmu da aikin hannunmu. Allah ya kiyaye mu, amin.